Motar Neman Abinci da Kulocin Tsere: Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Duk wanda ya taɓa shiga Golf daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ranar kasuwar Sara ya san warin da zan yi magana a kai. An cusa fasinja gaba da baya, an danƙara buhuna a but har sai da aka ɗaure murfin da igiya. Direba ya sa giya ɗaya ya taka totur, inji yana ta kuka, ita kuwa motar tana jan jiki kamar amarya. Can sai ka ji wani ƙauri kamar an jefa tsohon takalmi a wuta. To wannan kuloci ne yake cin kansa.

A gidanmu wannan ƙaurin ba abin dariya ba ne, domin Golf ɗin Yayanmu ita ce gonarmu rani da damina. Daga cikinta ake cefane, daga cikinta ake biya mini kuɗin makaranta. Ni ne kuma, da bakina da ɗan karatun da nake taƙama da shi, na ja aka ajiye ta kwana goma sha tara a gareji. Shi ya sa da aka ce a kawo rubutu don mujallar bana, na ga gara in faɗi wannan kafin in bar makarantar nan, tun da na san ba ni kaɗai ba ne mai kallon bidiyon tseren motoci a waya har dare ya raba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: motar da ake neman abinci da ita, ko wadda kake hawa kullum, ba ta buƙatar kulocin tsere, kuma in ka saka mata shi cutar ta ka yi. Wanda ya ce maka akwai kuloci guda da zai yi maka lodi daga Litinin zuwa Alhamis, ya kuma ci maka tsere ranar Juma'a da yamma, kaya yake son sayar maka.

Bari in fara da yadda na yi nawa kuskuren.

Bayan mun gama shekarar farko, na yi SIWES a wani gareji a Birnin Kudu. Cikin wata biyu na iya sauke giyabos, na san sunan kowane ƙarfe, sai kaina ya fara girma. A daidai lokacin kulocin Yaya ya fara zamewa. Shi kuma Yaya, ban da aikin tasha, yana da wata 'yar sha'awa. Wasu ranakun da la'asar samari masu motoci sukan haɗu a wani miƙaƙƙen wuri a bayan gari, mota biyu su jera, a daga hannu, a ga wanda zai riga kai wa wata bishiya. Ba kuɗi ake sa wa ba, suna ne kawai. Sau biyu ana barin Yaya a wurin tashi, injinsa na ihu motar ba ta motsa ba. Ya dawo gida ransa a ɓace.

Na ce masa, "Yaya, matsalarka kuloci ce. Akwai wanda ake yi musamman don tsere, ba ya zamewa ko kaɗan. In ka saka shi, ka huta da canjin kuloci, ga lodi ga gudu."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Haba Yaya, abin da nake karanta ke nan fa."

Muka samu wani mai shigo da kayan mota, ya kawo mana shi a kan kuɗin da ya kusa sayen na gama-gari uku. Da na buɗe kwalin a gareji, Ogana ya ɗauki faifan ya jujjuya. Maimakon zagayayyen faifai mai fata, wannan kamar tauraro yake, da 'yan ƙusoshin tangaran guda shida, tsakiyarsa kuma babu sifirin ko ɗaya.

Ya ce, "Kai yaro, wannan na wace mota ne?"

Na ce, "Oga, ta Yaya ce."

Ya ce, "Ita motar Yayan naka filin sukuwa take zuwa ko tasha?" Ya ajiye faifan ya goge hannu. "Ba da hannuna ba. Kuloci shi ne fiyus ɗin mota. In ka ɗaure fiyus da waya mai kauri, gidan ne zai ƙone."

Ni a lokacin gani na yi tsohon yayi ne kawai, bai san an ci gaba ba. Muka kai wani wurin aka ɗaura. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Hausawa ba su yi ƙarya ba.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, ga 'yan uwana na sashen akanta da mulki da ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, ga yadda abin yake. Inji yana juya wani ƙaton faifan ƙarfe, filawil. Giyabos kuma yana da nasa faifan mai fata gaba da baya, shi ne faifan kuloci. Akwai na uku, firesha filet, wanda aikinsa shi ne ya matse faifan kuloci a jikin filawil don su juya tare. In ka taka kuloci, matsin ya saki, inji ya rabu da taya. In ka ɗaga ƙafa a hankali, faifan yana ɗan zamewa kafin ya kama sosai. Wannan 'yar zamewar ita ce take sa mota mai nauyin fiye da tan guda ta tashi daga tsaye ba tare da ta fizgi wuyanka ba. Ke nan zamewa ta ɗan lokaci ba aibi ba ce, don ita aka yi kulocin.

Yawan ƙarfin da kuloci zai iya riƙewa ya dogara ne a kan abu huɗu: irin fatar da ke jikin faifan, ƙarfin matsin firesha filet, faɗin faifan, da yawan fuskokin da ke gogar juna. Masu ƙera na tsere da waɗannan suke wasa. Fatar gama-gari haɗin zare ne da 'yan siraran wayoyi da danƙo, tana kamawa da laushi, amma zafi mai yawa yana ƙona ta. Akwai ta Kevlar mai daɗewa, sai dai in ta taɓa yin santsi saboda zafi da wuya ta dawo daidai. Akwai ta tangaran haɗe da ƙarfe, irin wadda muka saya, wadda ba ta tsoron zafi amma kamunta kamar na tarko ne, ko a sake ko a kame, babu tsaka-tsaki. Sannan sifirin ɗin nan da kake gani a tsakiyar faifan gama-gari ba ado ba ne, su ne suke shanye bugun inji kafin ya isa haƙoran giya. Na tsere da yawa ba su da su. Su kuma lambobin da 'yan kasuwa ke rubutawa a kwali, mataki na ɗaya, na biyu, na uku, babu wata ƙa'ida ɗaya da ta ɗaure su. Mataki na biyun wannan kamfani yana iya zama na ukun wancan.

Ga abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba: kuloci ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko na sisin kwabo. Golf 3, wadda Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, mai inji lita 1.8 irin ta Yaya, ƙarfin doki 90 gare ta, ƙarfin murɗawarta kuma mita-Newton 145, wannan ma lokacin tana sabuwa fil a Jamus, ba yanzu da ta haura shekara ashirin da biyar tana shan ƙurar Jigawa ba. Kulocin da kamfani ya sa mata an auna shi ya riƙe wannan ƙarfin har da rara. In yana zamewa, to ya cinye ne, ko mai ya jiƙa shi, ko jabu ne. Ba wai inji ya fi ƙarfinsa ba. Mu muka ɗauki maganin inji mai ƙarfin doki ɗari biyu ko uku muka ɗura wa mai casa'in.

Ranar farko a tasha motar ta mutu sau uku kafin ta fita ƙofa, 'yan kamasho suna ta yi wa Yaya tsiya wai ya manta tuƙi. In ya ba ta wuta kaɗan ta mutu, in ya ba ta da yawa ta zabura. In ya yi ƙoƙarin sakin ƙafa a hankali, sai duk motar ta ɗauki rawa, gilashi na kaɗawa kamar mai zazzaɓi. A hanyar nan kuwa tsayawa ba ta da iyaka: a sauke wani a Babaldu, a ɗauki wata a bakin hanya, a rage gudu don rami, don shanu, don shinge. Direban haya yana taka kuloci sau ɗaruruwa a wuni, ga sabon firesha filet ɗin da tauri kamar kana taka dutse. Cikin mako biyu Yaya ya fara ɗingishi da yamma, Inna na dafa masa ruwan zafi yana gasa gwiwa. A mako na uku kebur ɗin kuloci ya tsinke a hanya da fasinja a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata baiwar Allah ce da aka sallamo daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu bayan an yi mata aiki. Mijinta ya ɗauki shatar kujerar baya don a kai ta gida a hankali. Yaya ya ce duk tashin da motar za ta yi sai ya ji matar ta ja numfashi, mijin yana cewa, "Direba don Allah a hankali." Shi kuwa iyakar hankalinsa ke nan, motar ce ba ta da shi. Ya ce bai taɓa jin kunya a bakin aikinsa irin ta ranar ba.

A wurin tseren fa? Gaskiya sau ɗaya ya yi nasara, kuma na yi ta tsalle kamar ni na ƙera motar. Amma Golf da tayoyin gaba take ja. In ka saki kuloci da ƙarfi, nauyin mota yana komawa baya, tayoyin gaba su yi sauƙi, su dinga kamawa suna saki suna dukan kwalta. Da tsohon kuloci, shi ne zai zame ya shanye dukan. Yanzu babu mai shanyewa, kowane bugu kai tsaye yake wucewa cikin shaf da giyabos. A mako na bakwai, wata Juma'a, aka daga hannu, Yaya ya saki ƙafa, sai muka ji ƙara kamar an fasa tulu. Baƙin mai ya malale a ƙasa. Ƙusoshin da ke riƙe da babban haƙorin cikin giyabos sun karye sun huda kaskon. Da aka sauke, shi ma filawil ɗin tangaran ya ƙwarzane shi ya yi masa layi-layi.

Kwana goma sha tara mota na kan dutse. Sai da aka je Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka nemo giyabos na hannu. Kowa ya san tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kayan mota suka yi tashin gwauron zabi. Inna ta sayar da tumakinta biyu da take kiwo don Sallah. Ni kuma rajistar shekarar nan sai da aka kusa rufewa na biya. Babu wanda ya zage ni a gida. Inna cewa kawai ta yi, "Allah Ya sa iyakar wahalar ke nan." Wallahi da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Wanda ya ɗaura mana sabon giyabos ɗin kuwa Ogana ne, da kulocin gama-gari mai kyau, kuma har ya gama bai ce mini "ai na faɗa maka" ba.

Na san abin da wasu za su ce, musamman abokaina 'yan ajinmu. Za su ce motocinmu ba aikin da Bature ya ƙera su don shi suke yi ba. Mota mai ɗaukar mutum biyar ce muke ɗora wa kayan a-kori-kura, saboda haka dole a ƙara mata ƙarfin kuloci. Akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Lodi mai nauyi yana sa kuloci ya daɗe yana zamewa kafin mota ta tashi, zafi ya ƙaru, fata ta ƙone da wuri. Amma maganin wannan ba faifan tangaran ba ne. In har za a ƙara, iyakarsa a samu faifai cikakke mai fatar gama-gari mai jure zafi, mai sifirin a tsakiya, da firesha filet da ya ɗan fi na asali matsi. Wannan zai iya zama da kai a tasha. Da zarar ka wuce nan, ka fita daga sahun masu neman abinci.

Kuma kafin ka kashe ko naira ɗaya a kan ƙari, tambayi kanka me ya kashe na farkon. A 'yan watannin da na yi a gareji, yawancin kulocin da muka sauke ba ƙarfin inji ne ya cinye su ba. Wani direban yana ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya, kamar wurin hutawa. Wani yana riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birkin hannu. Wani yana tashi da giya biyu don ƙyuya. Wani oyil sil ɗinsa na yoyo, mai yana jiƙa faifan, ya sa sabo bai gyara yoyon ba, bayan wata biyu ya dawo yana zagin mai kaya. Wani kuma faifai kawai yake canjawa ya bar tsohon firesha filet da ya gaji, da rilis bariyin mai kuka, da filawil mai santsi kamar madubi. Sannan ga jabu. Sunayen da aka sani irin su Sachs da LuK da Valeo da Exedy, su ne kuma aka fi buga wa kwalin ƙarya. Araha ba ta ado. Ka tafi da bakaniken da ya san kaya, ka sayi saiti cikakke, ka sa a duba fuskar filawil. Bayan an ɗaura kuma ka lallaɓa shi, domin masu ƙerawa da yawa suna ba da shawarar a yi wajen kilomita 800 ana tuƙi cikin natsuwa kafin a matsa wa sabon kuloci. Yaya washegari ya kai namu filin tsere.

Ku masu babura kada ku ce ba da ku ake ba, don na ga abin da ake yi a bakin ƙofar makaranta. Kulocin Boxer da ire-irensa faifai ne da yawa a jere, kuma cikin baƙin mai suke wanka. Sau da yawa zamewar da kake ji daga man ne: an zuba na mota mai sinadarin ƙara santsi, alhali babur yana son wanda aka rubuta wa JASO MA a jikin galan. Maimakon a canja mai, sai a cusa wasa a ƙarƙashin sifirin don ya ƙara matsi. Sakamakon shi ne hannu ya yi tauri, kebur ya yi ta tsinkewa, babur ya dinga zabura da ɗan mutane a baya.

To shi tseren fa, haramta shi nake yi? A'a. Ni ma ina son sa har gobe, ƙarya ne in ce ba na jin daɗin ƙarar inji. Amma mu dubi yadda masu abin suke yi. A Amurka, inda wannan tsere na miƙaƙƙen layi ya yi ƙarfi, asalin tsawon filin rubu'in mil ne, wato mita 402. Su ma a kan titi samarinsu suka fara, ana ta asarar rayuka, har wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 a Kaliforniya don a ɗauke abin daga titi a kai shi fili mai doka. Manyan motocinsu na ajin Top Fuel, waɗanda aka rage wa nisa zuwa ƙafa 1,000 a 2008 bayan mutuwar direba Scott Kalitta, suna cinye filin cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu. Bayan kowane gudu ɗaya sai an kwance inji da kuloci an sake haɗawa. Abin da zai ba ka mamaki, su ma kulocinsu da gangan ake saita shi ya zame a farkon tashi ya kama a hankali, don in ya kama gaba ɗaya taya ce za ta yi ta juyawa a banza. Wato ko a ƙololuwar tseren, gwaninta tana wurin sarrafa zamewa. Kuma babu ɗayansu da yake tashi da safe ya ɗauki yara zuwa makaranta da wannan motar. A kan tirela ake kawo ta, a kan tirela ake mayar da ita.

Mu ma ai mun san wannan tun kafin mota ta zo. Dokin da ake sukuwa da shi ranar hawan Sallah ba shi ake ɗora wa mangala a kai taki gona ba. Mai doki ya san abincinsa daban, kulawarsa daban, kuma ya san ba ya kawo kuɗi, ci yake yi. In kana da halin ajiye mota ta biyu don wasa, ka ƙara wa injinta ƙarfi na gaske, ka shirya sayen shaf da giyabos duk lokacin da suka karye, to sayi kulocin tangaran, Allah Ya ba da sa'a, amma a fili killatacce, ba a hanyar da mata ke tsallakawa da tallan nono ba. In kuwa mota ɗaya ce, kuma akwai bakin da ke jiran ta dawo da yamma, ka zaɓa mata kulocin aikin da take yi kwana shida a mako.

Ina wannan maganar ne yanzu saboda jarrabawar ƙarshe ta matso, kuma na san shirin da ake yi. Za a aro motar Baba ko ta Yaya ko ta Kawu, a zo a yi ta juyi a bakin titi ana tayar da ƙura ana ɗauka a waya. Ɗan uwa, duk fizgar da ka yi akwai ƙarfen da ya biya kuɗinta, kuma ba kai za ka je Ƙofar Ruwa ba. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su haɗa kai da sashen kanikanci a ware rana ɗaya a zango, a kawo tsohon bakanike daga cikin gari, a baje kuloci da birki a kan tebur, duk mai mota ko babur ya zo ya gani da idonsa ya yi tambaya. Abin da Ogana ya faɗa mini cikin jimla biyu, ni sai da tumakin Inna suka tafi na gane shi.

Faifan tangaran ɗin yana nan a ɗakina a hostel, na sa shi ina danne takardu. Duk mai son gani ya zo, kyauta ne. Golf ɗin Yaya kuwa tana kan hanya, tana tashi lafiya lau ba rawa ba fizga. Ranar Juma'a da la'asar yanzu wanke ta yake yi.